Minshari da ɗaukewar numfashi a barci: tambayoyi da amsoshi kan magunguna

Yawancin waɗannan tambayoyi daga bakin matan aure suke fitowa a asibitocin karkara na Kano da Jigawa, domin su ne ke kwana kusa da mai ciwon, suna jin abin da shi bai san yana yi ba. Amsoshin don fahimta ne. Ba za su maye gurbin ganin likita ba.

Maigidana yana minshari, sai ya yi tsit kamar ya mutu, can kuma ya zabura yana haki. Mene ne wannan?

Hajiya, abin da kika kwatanta shi ne ɗaukewar numfashi a barci saboda toshewar maƙogwaro. Daga bayan hanci zuwa gindin harshe, hanyar iska ba ta da ƙashi, tsoka ce kawai ke riƙe ta a buɗe. Idan barci ya yi nauyi tsokar ta saki, sai harshe da ganɗa su koma baya. Ƙirji yana ta jan iska, hanyar kuwa tana lotsewa, kamar mesar injin ban ruwa da ta yi laushi: iya ƙarfin jan injin, iya lotsewarta. Iskar da ke cikin jini sai ta yi ƙasa, ƙwaƙwalwa ta farkar da mutum na 'yan daƙiƙu, ya ja numfashi da ƙara, ya koma barci bai san an yi ba.

Likitoci suna ƙirga duk tsayawar da ta kai daƙiƙa 10, haɗe da raguwar numfashi mai yawa, su ga sau nawa ta faru a awa ɗaya. Daga 5 zuwa 14 ciwo ne mai sauƙi, 15 zuwa 29 matsakaici, 30 zuwa sama mai tsanani. Wanda ke ɗaukewa sau 40 a awa, a barcin awa shida ya farka sau 240. Shi ya sa yake tashi da ciwon kai da bushewar baki, yake yawan fita fitsari da dare, yake gyangyaɗi a huɗubar Juma'a ko a bakin rumfarsa ranar kasuwa. Kuma kowace farkawa tana tunkuɗa jini sama, har ya zama hawan jini na dindindin, daga nan bugun zuciya marar tsari da shanyewar ɓarin jiki.

Ba dannau ba ne?

A'a. Mai dannau yana sane, idonsa biyu, jikinsa ne ya ƙi motsi na ɗan lokaci, kuma da safe zai ba da labari. Mai wannan ciwo bai san komai ba, sai dai a gaya masa, sau da yawa ma ya musanta. Ku ɗauki muryarsa a waya na minti goma yana barci. Hakan ya fi gardama amfani, kuma likita zai so ya ji.

Akwai ƙwayar da za mu saya a kemis ta hana shi?

Babu. Har yanzu babu ƙwaya, ruwan magani, feshi ko garin gargajiya da aka tabbatar yana buɗe maƙogwaron babban mutum a cikin barci wanda za a samu a kemis. Duk mai tallan "maganin minshari" da lasifika a kasuwar ƙauye, kuɗinku kawai zai ci. Magungunan da ke da wani matsayi a wannan ciwo kashi uku ne: na rage ƙiba, na rage gyangyaɗin rana, da na buɗe hanci. Kowanne yana da iyakarsa, za mu zo kansu. Amma a ƙauyukanmu abin da ya fi ceton rai shi ne a gano magungunan da mutum ke sha waɗanda suke ƙara toshe shi, a raba shi da su.

To waɗanne magunguna ne ke ƙara tsananta shi?

Na farko maganin barci. Mutum ya je kemis ya ce barcinsa ba ya ƙosar da shi, sai a ba shi Valium, wato diyazefam, ko Lexotan. Waɗannan suna ƙara sakin tsokar maƙogwaro, sannan suna danne farkawar nan da ke ceton mutum idan iska ta yi ƙasa. Tsayawar da a da take ƙarewa a daƙiƙa 20 sai ta yi tsawo. Wanda ya yi makonni yana shan su kullum kada ya daina dare ɗaya, domin hakan na iya jawo jijjiga. Likita ne zai rage masa sannu a hankali.

Na biyu tiramadol da kodin da allurar fenta. Ma'aikatan gona da masu dakon kaya da 'yan acaɓa da yawa suna shan tiramadol don ƙarfin aiki, wasu har mai lamba 200 ko 225, alhali abin da hukuma ta amince da shi a Najeriya miligiram 50 ne da 100. Wannan dangin magani yana rage umarnin numfashi tun daga ƙwaƙwalwa. Idan aka haɗa toshewar maƙogwaro da ƙwaƙwalwar da ta yi sanyin ba da umarni, ballantana a ɗora diyazefam ko giya a kai, nan ne ake kwanciya ba a tashi. Gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, amma bai ƙare a bayan fage ba. Firegabalin da gabafentin, da ake bayarwa don ciwon jijiya, su ma an yi gargaɗi kansu a Amurka a 2019 cewa suna danne numfashi, musamman idan an haɗa da tiramadol.

Na uku maganin ƙiba, wanda mata ke kira sha-ka-fashe. Yawanci deksametason ne ko sayiforoheftadin, ko duka biyun. Deksametason yana tara kitse a fuska da wuya da ciki, daidai inda ba a so, yana kuma ɗaga suga da jini. Ɗayan yana buɗe ciki yana sa barci. Amarya da aka ɗura wa waɗannan kafin biki tana iya fara minsharin da ba ta taɓa yi ba. Shi ma deksametason, idan an daɗe a kansa, tsayar da shi kwatsam haɗari ne ga rai. A je asibiti a sauko da shi mataki-mataki.

Sai Piriton da Phenergan da ake sha da dare don mura, ko ake ba yara don su yi barci. Ga mai wannan ciwo, a nemi maganin mura marar sa barci a madadinsu.

Shawararmu: ku tattara duk wani kwali da kwalba da ƙullin magani da ke ɗakin, har da na gargajiya da na ƙarfin maza, ku zuba a leda ku kai wa likita. Kada ku ɓoye ko ɗaya don kunya.

Mun ji an ce an samu allura a Amurka. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, amma a fahimci abin da take yi. A ranar 20 ga Disambar 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da tirzefatayid, mai sunan kasuwa Zepbound, don manya masu ƙiba da ciwonsu yake matsakaici ko mai tsanani. Shi ne magani na farko da aka amince da shi don wannan ciwo. Kamfanin Eli Lilly ke yin sa, kuma sinadarin ɗaya ne da na Mounjaro da ake ba masu ciwon suga.

Allurar ba ta taɓa maƙogwaro kai tsaye. Tana rage sha'awar abinci, tana jinkirta fitarsa daga tumbi, mutum ya rame, kitsen harshe da na gefen maƙogwaro da na ciki ya ragu, hanya ta samu fili. An gwada ta kan mutum 469 na tsawon mako 52. Sun fara da ɗaukewa kusan sau 50 a awa. Waɗanda aka yi wa allurar gaske sun samu ragin kusan sau 25 zuwa 29 a awa, waɗanda aka yi wa ta bogi kusan sau 5, kuma nauyin jiki ya ragu da kashi 18 zuwa 20 cikin 100. Wannan ci gaba ne babba. Sai dai waɗanda ciwonsu ya kau, ko ya koma mai sauƙi ba gyangyaɗi, kashi 42 zuwa 50 ne cikin 100. Rabin mutanen ko fiye suna nan da buƙatar wani magani bayan shekara guda.

Siriri kuwa ba ta da amfani gare shi. Akwai masu wannan ciwo da ba su da ƙiba, matsalarsu ƙaramin haɓa ne da ya koma baya, ko babban harshe, ko naman maƙogwaro. Ƙibar da ake nufi ita ce ma'aunin nauyi da tsawo ya kai 30: ga mai tsawon mita 1.70, kilo 87 zuwa sama.

Yaya ake yin ta, kuma me ke iya ɓaci?

Sau ɗaya a mako, a ƙarƙashin fatar ciki ko cinya ko bayan dantse, ana canja wuri kowane mako. Ana farawa da miligiram 2.5 na mako huɗu, sannan a riƙa ƙara 2.5 duk bayan mako huɗu, har a kai 10 ko 15. Wato ba a isa 10 kafin mako na 13. Wanda ya yi gaggawar tsallake mataki, amai da gudawa ne za su kwantar da shi. Idan an manta ranar allura, a yi ta matuƙar ba a wuce kwana 4 ba. Idan an wuce, a jira ranar mako mai zuwa, kada a ninka.

Tashin zuciya, amai, gudawa ko taurin bayan gida sun zama ruwan dare a makonnin ƙari. A rage yawan tuwo a zama ɗaya, a rage mai da soye-soye, a sha ruwa sosai. A bazarar Haɗeja ko Gumel, amai da gudawa suna saurin busar da jiki har su taɓa ƙoda, don haka a tanadi ruwan gishiri da suga. Ciwon ciki mai tsanani da ke sokawa har baya, ko idanu su yi rawaya, alama ce ta kumburin saifar suga ko tsakuwar matsarmama: a tsayar da allurar a tafi asibiti a ranar.

Mai ciki ba ta yin ta. Mace mai shan ƙwayar tazarar haihuwa ta sani ƙwayar na iya rage aiki a mako huɗun farko da mako huɗu bayan kowane ƙari, sai ta haɗa da wata hanya. Wanda a danginsa akwai wani nau'in dajin maƙoshi da ake gado, an hana shi. Mai ciwon suga da ke kan insulin ko Daonil, dole a rage masa su, in ba haka ba suga zai faɗi, abin ya fi muni a watan azumi. Gara ma kada a fara ta ko a ƙara mata mataki cikin Ramadan.

Ajiya ita ce babbar matsalar karkara. Tana son firiji mai sanyin digiri 2 zuwa 8, ba wurin ƙanƙara ba, domin idan ta daskare ta lalace. Alƙalamin allurar Zepbound yana jure kwana 21 a waje in zafi bai wuce digiri 30 ba, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna haura 40. Tukunya-cikin-tukunya mai jiƙaƙƙen yashi, wadda marigayi Malam Muhammad Bah Abba ya yaɗa a Jigawa, tana iya rage zafi, amma ba ta kai sanyin firiji, don haka lissafin kwana 21 yana tafiya. Wanda ya shiga wannan magani ya fara shirya inda zai ajiye a firijin sola.

Abu biyu na ƙarshe. Tana da tsada ƙwarai, kuma ba ta wata uku ba ce: a wani gwaji, waɗanda aka tsayar wa ita sun mayar da kusan kashi 14 cikin 100 na nauyinsu cikin shekara, kuma idan ƙiba ta dawo minshari zai biyo ta. Sannan jabu ya yi yawa a wannan dangin allura, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun Ozempic a Yunin 2024. Kada a saya a WhatsApp ko hannun mai jaka, kada a karɓi wadda aka ɗura a sirinji ba kwali.

Idan ba mu da kuɗin allura, rage ƙiba da kanmu zai yi?

Zai yi. Wani dogon bincike a jihar Wiskonsin ta Amurka ya nuna ragin kashi 10 cikin 100 na nauyi yana zuwa da ragin kusan kashi 26 na ɗaukewar numfashi, ƙarin kashi 10 kuwa yana ƙara ta da kusan 32. Mai kilo 95 ya sa wa ransa sauke kilo 9 zuwa 10. A fara da sugan shayi da na fura da lemon kwalba, sannan a rage malmalar dare.

Ni direba ne, ina lodin Kano zuwa Haɗeja. Akwai ƙwayar hana gyangyaɗi?

Akwai modafinil, miligiram 200 da safe, da Sunosi da ake farawa da 37.5 a kai har 150. Amma Malam, an yi su ne don wanda yake kan maganin toshewar sosai, kamar na'urar hura iska da za mu zo kanta, kuma gyangyaɗi bai sake shi ba. Ba sa rage ɗaukewar numfashi ko sau ɗaya. Dare yana nan yadda yake, zuciya tana shan wahalarta, sai dai an rufe alamar da za ta kai ka asibiti. Dukansu suna iya ɗaga jini. Modafinil yana iya jawo ƙuraje masu saɓule fata, kuma yana raunana ƙwayar tazarar haihuwa da wadda ake sakawa a dantse. A Turai ma an janye amincewa da shi don wannan ciwo.

Goro da Nescafé da lemon ƙara kuzari haka suke, sai ma su ɓata barcin dare idan an sha bayan la'asar. Masu wannan ciwo da ba sa magani sun fi sauran direbobi yin haɗari ninki biyu ko fiye. Idan ka taɓa farkawa ka ga taya a gefen kwalta, ka ajiye makulli har a duba ka. Rayukan fasinja amana ce a wuyanka.

Da hunturu minsharin ya fi yawa. Maganin hanci zai taimaka?

Zai rage, ba zai warkar ba. Ƙura tana kumbura cikin hanci, mutum ya koma numfashi da baki, haɓa ya sauka, harshe ya ƙara komawa baya. A wanke hanci kafin kwanciya da rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya na ruwan da aka tafasa ya huce. Mai atishawa da toshewar hanci na kullum, likita na iya rubuta masa feshi irin Nasonex, fesawa biyu a kowace ƙofa sau ɗaya a rana ga babba. A sunkuyar da kai kaɗan, a karkata bakin kwalbar zuwa gefen kunne, ba tsakiyar hanci ba, don gudun haɓo. Yana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu kafin a ji daɗinsa.

Otrivin daban ne. Yana buɗe hanci nan take, amma kada a wuce kwana 5. Bayan haka hanci yana sabawa, ya riƙa toshewa fiye da da duk lokacin da maganin ya sake shi.

Yarona ɗan shekara huɗu yana minshari, baki buɗe, yana fitsarin kwance. Kakarsa ta ce a kira wanzami a cire beli.

Don Allah kada a yi. A yara, abin da ke toshe hanya yawanci ƙullutun nama biyu ne na gefen maƙogwaro, wato tansil, da wani nama a bayan hanci da ba a gani ta baki. Beli ba shi ne ba. Cire shi zai bar toshewar inda take, ya ƙara haɗarin zubar jini da tetanas da ciwon hanta daga aska. A yi wa Kaka bayani cikin ladabi, in ya yiwu a tafi da ita asibitin ta ji da kunnenta.

A nan ne magani yake da amfani na gaske. Idan ciwon mai sauƙi ne, feshin hanci irin na sama, fesawa ɗaya a kowace ƙofa, ko montelukas, miligiram 4 ga ɗan shekara 2 zuwa 5 da miligiram 5 ga ɗan 6 zuwa 14, na kimanin wata uku, suna iya rage girman naman. A lura da yaron: a 2020 an ƙara wa montelukas gargaɗi mai ƙarfi kan mugun mafarki, fushi da canjin hali. In an ga haka a tsaya a koma wurin likita. Yaron da ƙirjinsa ke lotsawa, yake ɗaukewa a fili, ko ba ya girma, aikin tiyata yake buƙata a sashen kunne da hanci da maƙogwaro. Mai sikila a hanzarta da shi, domin ciwon ya fi yawa a cikinsu, kuma ƙarancin iska da dare yana tayar da ciwon ƙashi. Bayan tiyata kada a ba yaro kodin ko tiramadol. An rasa yara ta wannan hanya, shi ya sa aka hana.

Ana shan ƙwaya uku na hawan jini amma bai sauka ba. Da alaƙa?

Sosai. Hawan jinin da ya gagari magani uku yana cikin manyan dalilan da ke sa a nemi wannan ciwo. A ci gaba da shan maganin, a gaya wa likita batun minsharin. Mai maƙoƙo, ko mai kasala da jin sanyi da kumburin fuska, a gwada masa jinin maƙoshi, domin idan ƙarancin sinadarinsa ne, ƙwayar da ke maye gurbinsa tana rage toshewar.

Akwai ƙwayar da ke tafe?

Akwai wadda ake kira AD109, haɗin magani biyu da ake sha da dare don tsokar harshe ta riƙe ƙarfinta, an bayyana sakamakon manyan gwaje-gwajenta a 2025. Diamox, da masu hawan jinin ido suka sani, yana rage ɗaukewa ga wasu, amma yana sa tsikarin yatsu da tsakuwar ƙoda, kuma bai dace da mai sikila ba. Kada kowa ya haɗa wa kansa irin waɗannan a kemis.

To me ke aiki a daren yau, kuma ina za mu je?

Na'urar CPAP, da Colin Sullivan ya ƙirƙiro a Ostareliya a farkon shekarun 1980, ita ce har yau ta fi kowane magani. Tana hura iskar ɗaki ta cikin abin rufe hanci don ta tokare maƙogwaro, kuma tana aiki tun daren farko idan an saita ta daidai. Tukunyar oksijin ba ta maye gurbinta, domin ba ta buɗe hanyar. Idan an kashe sashen ɗumama ruwa, wutar da take ci ba ta kai ta fankar sama ba, batirin sola mai kyau zai kai ta asuba. A riƙa duba matatarta kowane mako da hunturu, kuma a sa ta duk tsawon barci, ba ƙasa da awa 4 ba.

Kafin a same ta, a kwanta a gefe, a bar rigingine. A ɗinka aljihu a bayan tsohuwar riga tsakanin kafaɗu a sa ƙwallon goruba, duk lokacin da ya juya zai dawo gefe. A ɗaga kan gado da bulo. A bar sigari.

A fara da babban asibitin da ya fi kusa, Wudil, Bichi, Rano, Ringim, Kazaure, Gumel ko Haɗeja, a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Rasheed Shekoni a Dutse, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, a tambayi inda ake gwajin barci. A tafi da matar ko wanda ke kwana ɗaki ɗaya da shi, da muryar da aka ɗauka, da ledar magunguna, da awon wuya daga tela: inci 16 zuwa sama alama ce da likita zai so ya sani. Kuma duk ranar da za a yi masa tiyata, ko ta gwaiwa ce ko ta haihuwa ga mace, a gaya wa mai allurar barci tun kafin a shiga cewa yana ɗaukewa a barci, domin za a canja irin maganin da yadda za a sa masa ido bayan aiki.